Tara ko Diyya: Wace Ce Ke Gyara Ɓarnar Gandun Daji?

Gandun dajin Yankari, da ke ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun jiha a 2006. Masu riƙo sun yi ta sauyawa, amma aikin masu gadinsa yana nan yadda yake: su shiga daji su yi kwanaki, su fito da wanda suka kama. Wani mafarauci ne da bindigar toka da bandar naman gwanki ko kanki. Wani makiyayi ne da ya kora shanu cikin fadamar kogin Gaji da rani, ya sassare musu rassan kawo da maɗaci. Wani saran itace ya kai shi, wani kuma zuma ya je ɗiba ya bar wuta ta ci daji. Da an fito da mutum, sai a dawo kan tambayar da ta girmi gandun kansa: me za a yi da wanda ya ɓata abin da yake na kowa da kowa?

Amsa biyu ake bayarwa. Ta farko ita ce wadda kotunanmu suka saba da ita: a ci shi tara, in ya kasa biya ko laifin ya yi girma a ɗaure shi. Ta biyu ita ce a sa shi biyan diyya, wato a ƙiyasta abin da ya lalata da abin da gyaransa zai ci, ya biya, kuɗin kuma ya koma wurin da aka yi ɓarnar. Mai kallo daga nesa zai ce ai duk kuɗi ne ke fita daga aljihun mai laifi. Amma hanyoyin biyu sun rabu tun daga tushe, kuma kowace tana da inda ta fi 'yar'uwarta.

Tara mai laifi take kallo. Tana auna girman saɓon da ya yi wa doka, ta yanka masa abin da zai ji a jikinsa. Diyya kuwa dajin take kallo, tana tambayar me ya rasa, kuma nawa za a kashe kafin ya koma yadda yake. Saboda haka kuɗinsu ma ba hanya ɗaya suke bi ba. Tarar da alƙali ya yanke baitulmalin gwamnati take tafiya, ta gauraya da harajin kasuwa da kuɗin lasisin mota. Gandun da aka ƙona masa fadama sai ya bi layi ya jira kasafin kuɗin baɗi kamar kowace ma'aikata, kuma mai yiwuwa ko kwabo daga cikin tarar ba zai gani ba. Kuɗin diyya, idan doka ta ɗaure shi da wurin, shi zai sayi dashen itace, ya gyara alamun iyaka, ya biya kuɗin abincin masu sintiri.

Amurka ta gwada hanyoyin nan biyu a cikin gida ɗaya. A 1990 majalisar dokokin ƙasar ta ba hukumar manyan gandayen shaƙatawa ikon ta bi wanda ya yi mata ɓarna, ta karɓi kuɗin gyara, ta riƙe shi a hannunta don aikin wurin. Amma mafakar namun daji, waɗanda aka fara keɓewa a 1903 zamanin Shugaba Theodore Roosevelt kuma yanzu sun haura 560, wata hukuma ce daban ke kula da su, kuma dokar ba ta haɗa da ita ba. Wannan hukuma ta biyu ta yi shekaru tana roƙon majalisa ta ba ta irin wannan iko, domin idan wani ya kutsa da mota ya tattake ciyayi, ko ya farfasa gini, ko ya sare itatuwa, sai ta cire kuɗin gyara daga abin da aka ware wa dabbobi. Ƙasar da ke da kotuna masu ƙarfi da ma'aikata masu albashi ke nan take wannan kuka. Wannan maki na diyya ne, babu ja.

Sai dai tara tana da wani abu da diyya ba ta da shi, shi ne sauƙi. Alƙali zai buɗe littafin doka ya ga laifi, ya ga adadi, ya yanke hukunci a zama ɗaya. Diyya kuwa sai an yi ƙiyasi, kuma a nan ake yin gumi. Kuɗin ƙofar da aka karya kowane kafinta zai faɗa. To, nawa ne kuɗin maɗacin da ya shekara 80 yana tsaye? Nawa ne kuɗin giwa? Giwa wata 22 take yi da ciki, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa sai ta yi shekara huɗu ko biyar. Giwayen Yankari, da ake ƙiyasta yawansu tsakanin 100 da 150, suna cikin garke mafi girma da ya rage wa Najeriya. Wanda ya harbe uwa ɗaya a cikinsu ya kashe ta tare da duk 'ya'yan da za ta haifa, kuma babu kasuwar da za a je a sayo madadinta. Raƙumin dawa da kyarkeci sun taɓa zama a Yankari, yau babu su. Da a ce an kama wanda ya kashe na ƙarshensu, wane adadi ne zai dawo da su? Masu goyon bayan tara suna cewa, tunda akwai ɓarnar da kuɗi ba ya gyarawa, gara a bar lissafin da ba shi da ƙarshe a hukunta mutum kawai. Maganarsu ba ta wofi ba ce.

Duk da haka, ƙiyasin ɓarna ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Idan shanu suka afka wa gona, dagaci ko mai unguwa kan tura dattawa, sau da yawa tare da wakilin arɗo, su zagaya su ga iyakar abin da aka ci, su ce dami kaza ne, mai shanu ya biya. Ba su da ma'auni sai ido da sanin gona, kuma an daɗe ana kashe rigima da wannan. Ɗaliban Risala sun san hukuncin nan a mazhabar Malikiyya, cewa ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare tana wuyan masu su. Har dabbar dawa ma shari'a ta yi mata ƙima a wani muhalli. Aya ta 95 ta Suratul Ma'ida ta ɗora wa mai harami da ya kashe naman farauta da gangan fansar dabbar gida kwatankwacin wadda ya kashe, adilai biyu su yanke, ko ya ciyar da miskinai, ko ya yi azumi daidai da haka. Sayyidina Umar ya yanke rago a kan kura, akuya a kan barewa. Wannan hukuncin ibada ne na mahajjaci, ba dokar gandun daji ba, kuma ba na cewa a ɗauko shi yadda yake. Tsarinsa ne abin lura: an yarda cewa dabbar da ba ta da mai ita tana da ƙima, an ɗora ƙiyasin a kan masana biyu amintattu, an kuma buɗe wa marar hali wata ƙofar. Malaman daji da masana dabbobi za su iya tsara jadawalin ƙima irin wannan, wanda alƙali zai duba kamar yadda yake duba adadin tara. Ba zai zama cikakken farashin giwa ba, amma ya fi a ce ba ta da farashi sam.

Akwai kuma abin da zamani ke yi wa kowace. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 ta sa tarar naira 1,000 a kan wanda aka kama karo na farko da dabbar da ke rukunin da aka fi tsananta wa kariya. A shekarar da aka rubuta ta, naira ta fi dalar Amurka daraja, don haka tarar ta haura dala 1,000. Adadin ya zauna a takarda shekara 31, naira tana zubewa a ƙarƙashinsa, har ya zamana a 2016 bai wuce dala uku ko huɗu ba. A ƙarshen wannan shekarar ne aka gyara dokar, aka ɗaga tarar zuwa naira miliyan 5. Ita ma faɗuwar naira ta 2023 da 2024 ta cinye mafi yawan nauyinta. Duk tarar da aka rubuta da lamba haka take tsufa, kuma majalisa ba ta zama kowace shekara don ta sabunta ta. Diyya ba ta da wannan ciwo, domin da farashin ranar da aka yi shari'a ake auna ta: kuɗin dashe na yau, kuɗin man fetur na yau, ladan lebura na yau.

Inda awon ya fi wuya shi ne idan aka dubi su wane ne masu laifin. Mafi yawan waɗanda masu gadi ke kamowa talakawa ne na ƙauyukan gefen daji. Mutumin da ya shiga da tarko don ya samu na cefane, idan aka ce ya biya kuɗin gyaran fadamar da wutarsa ta cinye, ko an sayar da gonarsa da akuyoyin matarsa ba za su kai ba. Hukuncin zai zama takarda kawai. Ba a nan kaɗai ake ganin haka ba. A farkon 2016 wasu mutane ɗauke da bindigogi, ƙarƙashin jagorancin Ammon Bundy, suka mamaye mafakar namun daji ta Malheur a jihar Oregon ta Amurka har kwana 41. Sun haƙa ramuka, sun yanka hanya a wurin da ke da kayan tarihin ƙabilar Paiute, sun cire shinge. Abin da mamayar ta jawo wa hukuma ya kai miliyoyin daloli. Kotu ta wanke jagoran da wasu mutum shida, sauran da aka samu da laifi kuma diyyar da aka ɗora musu gaba ɗaya ba ta kai dala 100,000 ba. Babbar ɓarna ta fi ƙarfin aljihun mai yin ta kusan kullum.

To, amma shi talakan nan, me tara da ɗauri suke yi masa? Idan ya kasa biyan tara sai gidan yari. Gwamnati ce za ta ciyar da shi wata shida, iyalinsa su rasa mai noma musu, ya fito da bashi da ɗacin rai, dajin da ya ƙona kuma yana nan a ƙone. Sau da yawa babu abin da zai biya bashin da shi sai ya sake komawa dajin. Diyya kuwa ana iya biyan ta da gumi. Malaman tafsiri sun kawo, a ƙarƙashin aya ta 78 da ta 79 ta Suratul Anbiya'i, yadda tumaki suka cinye gonar wani da dare. Annabi Dawuda, alaihissalam, ya yanke a ba mai gona tumakin. Annabi Sulaimanu, alaihissalam, ya ga mai gona ya riƙe tumakin yana amfana da su, mai tumaki kuma ya yi ta aikin gonar har ta koma yadda take, sannan kowa ya karɓi nasa. Wanda ya ƙona daji zai iya share layin tare wuta na wasu makonni kafin hunturu. Wanda ya sare itatuwa zai iya dasawa ya yi ban ruwa har su kama. Wanda ya san inda ake ɗana tarko shi ya fi kowa iya kwance su. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta riga ta amince da hukuncin yi wa al'umma hidima, don haka ba sabon abu za a ƙirƙiro ba.

Idan aka juyo kan mai kuɗi sai lissafin ya kife. A shekarun da aka yi ta jigilar madobiya zuwa ƙasar Sin, itacen da 'yan katako a Taraba suke kira madrid, masu ɓarnar gaske ba su ne yaran da ke riƙe da injin yanka ba. Dillalai ne masu manyan motoci da abokan hulɗa a tashar jiragen ruwa ta Legas. Haka dillalin haure yake. Irin wannan mutum idan ya san iyakar abin da zai same shi biyan kuɗi ne, sai ya sa diyyar cikin kuɗin kaya, kamar kuɗin mota da na lodi, ya ci gaba da sana'arsa. Diyya ita kaɗai a wurinsa ta zama farashin shiga daji. Abin da yake tsoro shi ne ƙofar kurkuku ta rufe a bayansa, a kuma ƙwace motar da injin. Ga kuma wanda ya shiga daji da bindigar yaƙi, a shirye ya harbi mai gadi, kuma an sha rasa rayukan masu gadi a Yankari. Wannan ya wuce maganar ɓarnar dukiya, babu wani jadawalin ƙima da ya isa ya zama amsarsa. A nan hukunci ya yi wa diyya nisa.

Masu son tsananta hukunci sukan kawo misalin Kenya, wadda dokarta ta 2013 ta sa tarar shilin miliyan 20 ko ɗaurin rai-da-rai a kan laifin da ya shafi dabbobi irin su giwa da karkanda. Doka ce mai ban tsoro, kuma ta nuna wa duniya cewa ƙasar da gaske take. Amma ni a ganina abin da ya fi hana mutum shiga daji shi ne ya tabbata za a kama shi. Yankari kanta shaida ce. Bayan yarjejeniyar da gwamnatin Bauchi ta ƙulla da ƙungiyar kare namun daji ta WCS a 2014, aka horar da masu gadi, aka riƙa biyan su kuɗin sintiri, kisan giwaye ya ragu ƙwarai. Ƙafar mai gadi ce ta yi wannan aiki. Sambisa kuwa, wadda da gandun namun daji ce, da Kamuku ta Birnin Gwari, da aka bar su babu isasshen tsaro sai masu ɗauke da makamai suka maye gurbin dabbobi. A can babu wanda ake ci tara, babu wanda ake karɓar diyya a hannunsa. Hanyoyin biyu duk a kan sintiri suka jingina, bambancin kawai shi ne ɗaya tana iya ciyar da sintirin, ɗaya ba ta iya ba.

Sai dai wannan falala ta diyya a cikinta ne haɗarinta yake, kuma bai kamata masu sonta su rufe ido ba. Idan ma'aikata ta san kuɗin da aka karɓa wurinta zai dawo, akwai fargabar kama mutane ya koma hanyar samun kuɗin shiga. Makiyayi ya fi kowa shiga wannan tarko, tunda shi dukiyarsa a fili take tana tafiya da ƙafa huɗu. Ba wuya a tsare masa shanu a bakin iyaka, a yanka masa adadi a gindin bishiya babu rasit, a kira shi kuɗin ɓarna. Tara, duk da raunin da take da shi, a gaban alƙali ake yanke ta, adadinta a rubuce yake, kuma mai kamu ba shi da kaso a ciki. Diyyar da ba ta bi ta kotu ba, ba ta shiga asusun da ake bincika ba, cin hanci ce aka sauya wa suna.

Akwai wata magana da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Yankari za su yi, kuma dole a saurare su. Giwa ba ta san iyakar gandu ba. Takan fito da damina ko da kaka ta shiga gonakin masara da dawa da shinkafa, garke ɗaya ya share abincin shekara na gida guda a dare ɗaya. Manomin da aka ce kada ya harbe ta saboda dukiyar gwamnati ce, yana da hakkin ya tambaya: idan akuyata ta shiga gonar maƙwabci ni nake biya, to idan dabbar gwamnati ta shiga tawa wa zai biya? Tara ba ta da amsar wannan tambaya, domin ita daga sama take saukowa kan talaka kawai. Diyya kuwa ƙa'ida ce mai aiki a kan kowa: wanda ya ɓata ya gyara. Gwamnatin da ta ɗauke ta don ta bi mai ɓarna, ta ɗaure kanta ke nan da ita ranar da giwa ta yi tata ɓarnar. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ina ganin wannan ne ya fi komai muhimmanci, saboda mutanen gefen daji su suka san wanda ya shiga da wanda ya fita, kuma ba za su tona asirin mafarauci ba muddin suna kallon gandun a matsayin abin da ke cin gonarsu ba ya biya.

Da na ɗora su a sikeli, diyya ce nake ganin ta cancanci zama ginshiƙi, hukunci kuma ya tsaya mata a baya. Duk wanda kotu ta samu da laifin ɓarna a gandun daji a fara da ƙiyasta abin da ya ɓata, ya biya da kuɗi in yana da shi, da aiki in ba shi da shi. Ɗauri da ƙwace kaya a ajiye su ga dillali, da wanda ya maimaita, da wanda ya ɗauki makami, kuma su ma ɗaurin kada ya ɗauke musu biya. Kundin dokar laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya riga ya ba alƙali damar sa mai laifi ya biya diyya ga wanda ya cuta. Abin da ake buƙata shi ne a fayyace cewa gandun daji ma ana cutarsa, a kuma faɗi wanda zai karɓa a madadinsa.

Kirana ga majalisun dokoki na jihohin da ke riƙe da gandayen daji, irin su Bauchi mai Yankari, su tabbatar dokokinsu sun tanadi asusu na musamman ga kowane gandu, wanda kuɗin diyya zai riƙa shiga ta hannun kotu kaɗai. A sa wakilan masarauta da na manoma da na makiyaya cikin masu sa ido a kansa, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a kowace shekara, kuma a ware wani kaso daga ciki don biyan manomin da namun dajin suka cinye wa gona.